Gyambon kwanciya: sakacin asibiti ne, kuma ana biyan diyya a kansa?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni mutumin Jega ne. Mahaifinmu, mai shekara 70 da 'yan kai, ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka kai shi wani asibitin gwamnati a Birnin Kebbi, ya yi sati 3 a kwance. Ƙanena ne ya zauna jinyarsa. Ranar da aka sallame mu, muna canza masa kaya sai muka ga rami a ƙugunsa, daidai saman ɗuwawu, yana wari, ga kuma baƙi a dunduniyarsa ɗaya. Da muka yi magana, wata nas ta ce ai duk wanda ya daɗe a kwance haka yake yi. Yau sati 5 ke nan muna gida, kuɗin wankin ciwon yana neman fin ƙarfinmu. Kawunmu ya ce ƙaddara ce, mu bar wa Allah. Wani abokina kuma ya ce mu kai ƙara a biya mu diyya. Don Allah laifin asibiti ne ko namu? In mun kai ƙara akwai abin da za a samu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Sannunku da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Abu uku na gani a cikin tambayarka: shin wannan ciwo dole ne ga duk wanda ya kwanta, wa ke da alhakinsa idan ya fito, kuma doka tana sa a biya. Ni aikin jinya na karanta, na daɗe a ɗakin maza masu karaya da waɗanda aka yi wa tiyata, daga baya na zauna cikin masu duba koke-koken majinyata. Ban ga Baba ba, ban ga fayil ɗinsa ba, kuma shigar da ƙara aikin lauya ne. Abin da zan iya shi ne in nuna maka yadda mu na ciki muke gane inda aka yi sakaci, da abin da lauya zai nema a hannunka.

Maganar da aka faɗa muku, cewa duk mai doguwar kwanciya sai ya yi gyambo, ba gaskiya ba ce. Mafi yawansa ana iya hana shi. Tun 1859 Florence Nightingale, wadda ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, ta rubuta cewa idan majinyaci ya yi wannan gyambo, galibi ba laifin cutar ba ne, laifin jinyar ne, kuma har yau da wannan ake tarbiyyar ɗaliban nas. Amma abokinka ma ya sauƙaƙa abin da yawa. Ganin rami a jikin Baba bai isa hujja a kotu ba. Kuma akwai wa'adin wata 3 da ya shafi ƙarar ma'aikatun gwamnati, wanda kun riga kun ci fiye da kashi ɗaya cikin ukunsa. Zan zo kansa.

Yadda ciwon yake samuwa

Mai lafiya ko barci yake yi yana juyi bai sani ba, domin da zarar wuri ya dannu jiki yana sanar da shi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya karya ƙashin baya, ko ya suma, ko tsufa ya kwantar da shi, ko dai ba ya jin dannuwar, ko yana ji amma ba ya iya motsawa. Nauyinsa sai ya matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan hanyoyin jini su toshe, naman wurin ya rasa abinci da iska. Cikin 'yan awoyi yake fara mutuwa. Shi ya sa wuraren da ƙashi ya yi tsini ne suke fara tafiya: ƙugu, dunduniya, katara idan a gefe ake kwantar da shi, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, har kunne.

Akwai abubuwan da ke taimaka wa dannuwar. Idan aka ɗaga kan gado da yawa, majinyaci yana sulalowa ƙasa a hankali, fatar ƙugu ta maƙale a zane, ƙashi kuma ya zame, sai naman ciki ya yage. Idan za a gyara masa kwanciya aka ja shi a kan zane maimakon a ɗaga shi, fata ta goge. Ga fitsari da bayan gida da gumi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin majinyata a Birnin Kebbi a watan Afrilu, babu wuta, fanka a tsaye, tsoho kwance a kan ledar gado da zane ɗaya jiƙe sharkaf, ya san abin da nake nufi. Sai rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin jini, da ciwon suga.

Mataki 4 muke kasa shi. Na farko fata ba ta fashe ba, launinta ne ya sauya. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa wurin yana yin ja, amma a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai. Abin da ake gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, in ka taɓa ka ji ya fi zafi ko ya yi tauri. Na biyu, fata ta saɓule ko ta yi bororo. Na uku, rami ya kai ga kitse. Na huɗu, ana ganin tsoka ko jijiya ko ƙashi. Wani kuma baƙin ɓawo ne ko ruɓaɓɓen nama ya rufe shi, ba a sanin zurfinsa sai an kankare. Abin da ka kwatanta a ƙugun Baba ya yi kama da na uku ko na huɗu.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe, domin shi ne asibiti zai fara kare kansa da shi. Wani lokaci ɓarnar daga kusa da ƙashi take farowa, kamar yadda gara take cin azara ta ciki alhali bayanta lafiya lau, sai bayan kwana 2 ko 3 ta bayyana a fata. Saboda haka wanda ya faɗi a ɗaki ya kwana a kan siminti kafin a gan shi, ko aka ɗauko shi kwance a bayan mota daga wani ƙauye mai nisa, yana iya shigowa asibiti da ciwon a ɓoye. Haka kuma wanda ciwonsa ya fito kwana 2 bayan sallama, mai yiwuwa daga gadon asibiti ya taho da shi. Lokacin da aka fara ganin sa, da wanda ya gani, da abin da aka yi a ranar, su ne ƙashin bayan duk wata ƙara.

Kafin maganar kotu, ciwon

Rami mai wari bayan sati 5 ba na wankin gida kaɗai ba ne. Ku mayar da Baba likitan tiyata ya gani. Mataccen nama ba ya warkewa, sai an yanke shi an fitar, sannan sabo yake tofowa. Wani lokaci ƙwayar cuta ta riga ta shiga ƙashi, sai an yi hoto an ba da magani na tsawon makonni. Wani ramin ba ya rufewa sai an juyo tsoka da fata daga gefe an toshe shi, aikin da likitocin gyaran fata suke yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Idan kuka ga zazzaɓi, ko rawar ɗari, ko ya fara ruɗewa yana surutai, ko mugunya ta ƙaru, ko gefen ciwon ya kumbura ya yi zafi, kada ku jira gari ya waye. Wannan ciwo yana kisa ta hanyar shigar ƙwayar cuta cikin jini.

Baƙin da ke dunduniya, idan busasshe ne, ba ruwa ba wari, kada kowa ya ɓamɓare shi. A ɗage ƙafar kawai a nuna wa likita. A sa filo a ƙarƙashin sha-raɓa tun daga gwiwa zuwa idon sawu, dunduniya ta rataya a iska ba ta taɓa komai. Na san a ɗakunan majinyata da yawa ana cika safar hannu da ruwa a ɗaure a sa a ƙarƙashin dunduniya. An daɗe da daina ba da wannan shawara, haka ma gammo ko zoben roba da ake zaunar da mutum a kai, domin suna tara dannuwar ne a kewayen wurin.

Juyi shi ne maganin da ba a saye. Duk awa 2, dare da rana. Iyalai da yawa suna ce mini suna juya shi duk lokacin salla, amma ka lissafa daga Isha zuwa Asuba, ko daga Asuba zuwa Azahar, za ka ga awa nawa ne. A sa ƙararrawa a waya, a raba dare tsakanin mutum biyu ko uku, domin mutum ɗaya ba zai iya ba, ko ɗan cikinsa ne. Kada a kwantar da shi a kan ciwon ko kaɗan. Kada kuma a kifa shi gaba ɗaya a kan katara. A ɗan karkata shi, a tokare bayansa da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Mutum biyu su kama zane su ɗaga shi. Zanen ya zama a miƙe, ba tattara, ba ɓurɓushin abinci. Idan ya ɓata jikinsa a wanke nan take a tsane, ba a dirza ba, kuma kada a yi tausa a wurin da ya fara duhu. Katifar iska mai injin tana taimakawa ga mai hali da wuta, amma ba ta ɗauke juyi.

Wanki da ruwan gishiri na asibiti ake yi, da kayan da likita ko nas suka zaɓa. Asibitocinmu da dama suna amfani da zuma mai kyau, kuma tana aiki, amma bayan an cire mataccen nama. Toka, man birki, garin kafso da ake fasawa a barbaɗa, sifirit, duk a bar su. Shuɗin maganin nan da ake shafawa shi ma yana rufe launin ciwon, mai dubawa ya kasa gane halin da yake ciki.

Sai abinci. Tsofaffinmu da yawa da zarar sun kwanta sai a mayar da su kan koko da shayi, alhali rami irin wannan nama yake nema ya cike. Ƙwai, kifi, wake, nono, awara, kunun gyaɗa da madara, miyar zogale, da ruwa isasshe. Ku da Allah ya hore wa kifin Yawuri da Argungu. Idan yana shaƙewa wajen haɗiya, kamar yadda masu shanyewar jiki kan yi, a gaya wa likita kafin a matsa masa. Idan yana da ciwon suga ko na ƙoda, a tambayi abin da ya dace da shi.

To laifin wa ne?

Doka ba ta ce asibiti ya yi alkawarin warkarwa ba. Abin da take tambaya shi ne: an yi abin da ma'aikacin lafiya mai matsakaicin ƙwarewa da kula zai yi a irin wannan hali? Wannan ma'auni ya samo asali ne daga shari'ar Bolam da aka yi a Ingila a 1957, kotunan Nijeriya kuma suna aiki da shi. Mai ƙara sai ya tabbatar da cewa asibiti yana da nauyin kula da majinyacin, cewa an gaza sauke nauyin, cewa gazawar ce ta jawo ciwon ba wani abu daban ba, kuma an yi asara. Na farko ba gardama, tunda an kwantar da Baba. A kan na biyu da na uku ake fafatawa.

In aka ba ni fayil irin na Baba, shafin ranar farko nake fara buɗewa. An tuɓe shi an duba fatarsa lokacin da aka karɓe shi? An rubuta cewa lafiya take, ko an ga wani abu? An auna haɗarinsa? Akwai ma'aunai da aka sani, kamar na Braden da aka fitar a 1987, mai duba abu 6: ji a jiki, danshi, tashi, motsi a kan gado, cin abinci, da gogewar fata. Maki daga 6 ne zuwa 23, kuma yadda suka yi ƙasa haka haɗari yake yawa. Tsoho mai shanyewar jiki da ba ya riƙe fitsari, ko ba a lissafa ba an san yana cikin masu haɗari sosai. Daga nan sai in nemi takardar juyi, da sa hannun wanda ya juya da lokacin. Sai in nemi ranar da aka fara rubuta cewa fata ta sauya, in ga ko an gaya wa likita, ko an fara wanki, ko an gaya wa iyali. Fayil ɗin da ya yi shiru sati 3 a kan fata, sannan aka sallami mutum da ramin da ba a ambata ko a takardar sallama ba, yana da wuyar karewa. Rami mai zurfi haka ba ya tashi daga lafiyayyar fata a dare ɗaya ba tare da mai wanka ko mai canza zane ya ga alama ba. Na kuma ga fayilolin da aka cike jadawalin juyi na kwanaki da biro ɗaya da hannu ɗaya, har da awoyin da majinyacin yake ɗakin hoto. Wanda ya san aikin yana gane irin wannan.

Ga inda namu ya bambanta da na ƙasashen da ake jin labarin ana biyan maƙudan kuɗi. A asibitocinmu ɗan jinya ne yake wanka, shi yake canza famfas, shi yake ba da abinci, nas ɗaya ko biyu kuma suna riƙe da ɗaki guda cur da dare. Don haka asibiti zai ce juyi aikin ƙanenka ne. A ganina wannan kariya rabi ce. Ƙanenka bai karanta jinya ba. Idan za a ɗora masa aikin, wajibi ne a gaya masa haɗarin, a nuna masa yadda ake yi da hannu, a riƙa bi ana dubawa. Duba fata da gane matakin farko ba a wakilta shi ga ɗan jinya. Ƙarancin ma'aikata kuwa, ina tausaya wa 'yan uwana nas-nas a kansa domin na ɗanɗana, amma uzuri ne ga mutum ɗaya, ba ga hukumar da ta karɓi majinyaci ta ba shi gado ba. A doka asibiti yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikatansa a bakin aiki, shi ya sa lauyoyi suke haɗa hukumar asibitin a cikin ƙara.

Amma ka zauna da ƙanenka ku yi magana ta gaskiya, ba ta neman mai laifi ba. An ce masa ya riƙa juya Baba? Ya yi? Baba yana ƙi, yana faɗa idan an taɓa shi? Akwai ranar da nas ta zo dubawa aka ce a bari yana barci? Akwai kayan wanki da aka rubuta ba a samu kuɗin saye ba? Ku ne kuka nemi sallama kuka sa hannu, ko likita ne ya sallame ku? Wani abin da na sha gani shi ne kunya. Ɗa ba ya iya kallon tsiraicin mahaifinsa, sai ya canza masa kaya yana kau da kai, ko a ƙarƙashin mayafi, a yi kwana da kwanaki ba wanda ya sa ido a ƙugun. Tarbiyya ce, ba abin zargi ba, amma a jinya tana da tsada, kuma lalura ta halatta dubawa. Idan ya tabbata akwai naku kason, kotu tana iya rage abin da za ta ba ku gwargwadonsa. Akwai kuma majinyatan da ko an yi komai daidai fatarsu tana lalacewa, kamar wanda yake gargara, ko wanda jininsa ya faɗi ƙwarai, ko wanda juya shi zai iya kashe shi. Irin wannan ba sakaci ba ne, in dai fayil ya nuna an yi ƙoƙarin.

Ƙofofin da ake bugawa

Ta farko ita ce asibitin kansa. A rubuta takardar koke ga shugaban asibitin, a faɗi ranar kwanciya da ta sallama, da abin da aka gani, da abin da aka faɗa muku, ba zagi ba ƙari. A kai kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya. A cikinta ku nemi rahoton likita da kwafin bayanan jinyar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti adana bayanan kowane majinyaci, ta kuma ba kowa damar kai koke a bincika. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 shi ma ya ambaci haƙƙin samun bayanan. Da yake sirrin Baba ne, a samu yardarsa a rubuce ko da dangwalen yatsa, in yana cikin hayyacinsa. Idan suka yi ta ja muku rai, takardar lauya takan sa a motsa, kotu kuma tana iya tilasta a kawo fayil ɗin.

Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda take da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ta, tana bincike a kan ma'aikatun gwamnati tana shiga tsakani. Akwai majalisar da ke kula da aikin nas da ungozoma, da majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ake kai wa ƙara da takardar rantsuwa. Kotun ladabtarwa ta likitoci tana iya jan kunne, ko dakatarwa har wata 6, ko soke sunan likita daga rajista. Mutane da yawa suna zuwa can da tsammanin kuɗi. Waɗannan majalisu hukunta ma'aikaci suke yi, ba sa biyan diyya.

Diyya a Babbar Kotu ake nemanta, kuma a nan ne wa'adin da na ambata yake. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce duk ƙarar da za a kai kan abin da jami'i ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, a shigar da ita cikin wata 3. Kotun Ƙoli ta fassara cewa kariyar ta haɗa da hukumomi, ba mutane kaɗai ba. Akwai togaciya, misali idan cutarwar tana ci gaba ko an yi abin da mugun nufi, amma ba a gina ƙara a kan fatan togaciya. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu, wannan ma yana cin kwanaki. Kai koke ga asibiti ba ya tsayar da lissafin. Don haka ko ba ku yanke shawara ba, ku ga lauya a cikin satin nan, ya faɗa muku ranar da ƙofa za ta rufe. Wanda ba shi da hali ya gwada ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Da asibitin kuɗi ne, wa'adin ya fi haka tsawo.

Ka kuma sani shari'a saɓanin hankali ce. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ojo da Gharoro, inda allurar ɗinki ta karye ta zauna a cikin wata mata bayan tiyata a asibitin koyarwa na Benin. Kowa zai ce ai wannan a fili yake. Amma matar ba ta ci shari'ar ba, domin likitocin sun kawo bayanin masana, ita kuma ba ta kawo ƙwararre ko ɗaya da zai rusa bayaninsu ba. Ku ma za ku buƙaci likita ko babbar nas da za ta karanta fayil ta tsaya gaban alƙali ta ce an gaza. Samun wanda zai ba da shaida a kan abokan aikinsa a gari ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, sau da yawa sai an nemo daga wata jiha, kuma ku za ku ɗauki nauyinsa.

Abin da kotu take bayarwa kashi biyu ne. Akwai kuɗin da kuka kashe saboda gyambon, wanda sai an lissafa shi dalla-dalla an kawo rasit: kayan wanki, magani, tiyata, mota, ladan mai zuwa wanki gida. Kuɗin maganin shanyewar jikin ba ya ciki, tunda ba su suka jawo ta ba. Akwai kuma na wahala da raɗaɗin da Baba ya sha, wanda alƙali ne yake ƙiyastawa. Kada wani ya yi muku alkawarin adadi. Shari'ar tana iya ɗaukar shekaru, ana iya ɗaukaka ƙara, kuma ko an ci, fitar da kuɗi daga asusun gwamnati wani dogon zance ne, domin doka ta sa neman yardar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Maganar Kawu

Kawu bai yi ƙarya ba, komai da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta ɗauke lamuni. Malamai suna kawo hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ne mai lamuni, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani a kan likitan da ya yi kuskure ko ya yi sakaci, da yadda ake ƙiyasta diyyar rauni. Neman haƙƙi halal ne, yafewa ma alheri ne, amma haƙƙin na Baba ne. In yana iya magana ko nuni, a tambaye shi. Tafsilin hukuncin kuma ku zauna da malamin da kuka amince da shi.

Da ni ce a matsayinka, sulhu zan fara nema, amma da takarda a hannu da lauya a gefe, ba a tsaye a baranda ba. Abin da na ga ya fi amfanar iyalai shi ne asibiti ya karɓi majinyacin ya ɗauki nauyin wanki da tiyata, ko ya yafe kuɗin gado, ya kuma zaunar da ma'aikatan ɗakin. Wannan yana zuwa a lokacin da ake buƙatarsa. Idan suka ƙi saurare, fayil kuma ya nuna shirun da nake zato, to kuna da abin riƙewa, kuma ba zan hana ku kotu ba. Kada dai ku sa hannu a wata takardar yafiya lauya bai karanta ba, kada kuma ku ɗora hoton ciwon ko sunan wata nas a Facebook. Tona asirin Baba ne, kuma yana iya juyewa ku koma waɗanda ake ƙara.

Daga yau a sami littafi guda. Ƙanenka ya zauna ya rubuta duk abin da yake tunawa tun ranar kwanciya, da sunan ɗakin da lambar gado, da waɗanda suke maƙwabtaka da ku da za su iya shaida. A ɗauki hoton ciwon duk sati da rula ko murfin kwalba a gefensa don a ga girmansa, kuma kada a sayar da wayar ko a goge hotunan farko, domin Dokar Shaida ta 2011 tana neman bayanin na'urar da aka ɗauki hoto da ita. A haɗa katin asibiti, takardar sallama, takardun magani da kowane rasit a leda ɗaya. Likitan da zai ga Baba yanzu, ku roƙe shi ya rubuta girman ramin da zurfinsa da matakinsa a ranar da ya fara ganin sa.